Banil, Furen da Ake Ɗaura wa Aure

Yau za mu leƙa Madagaska, ƙasar da ta fi kowace noman banil, wannan ƙamshi da matanmu suka sani a cikin gato da yawur, ko da yake galibin na kasuwa haɗin masana'anta ne.

Banil tsiro ne daga dangin furannin da ake kira orkide, asalinsa ƙasar Meziko. Yaɗo yake yi kamar duma, yana hawa itace. Manomi yakan yanki reshe mai tsawon kamar mita 1, ya dasa a gindin itace mai rabin inuwa, ya rufe saiwar da ruɓaɓɓen ganye. Yana son iska mai laima, amma in ruwa ya kwanta sai ya ruɓe. Hunturu irin namu kuwa ba ya ƙaunarsa.

Sai bayan shekara 3 yake fara fure, kuma kowane fure yini ɗaya yake buɗewa. Da safiyar nan manomi zai sa ɗan tsinke ya ɗaga fatar da ta raba namiji da mace, ya matse su da yatsa. Shi ne auren banil. Wani yaro bawa mai shekara 12, Edmond Albius, ya gano dabarar a tsibirin Reyuniyon cikin 1841. Duniya ta ci moriyarsa, shi kuwa ya rasu cikin talauci a 1880.

Ƴaƴan, dogaye kamar ɗanyen wake, sai sun yi wata 9 kafin su nuna. Sannan a tsoma su cikin ruwan zafi, a naɗe cikin bargo, a yi ta shanya har watanni. Wajen kilo 5 na ɗanye ke ba da kilo 1 na busasshe.

A 2017 guguwar Enawo ta afka wa yankin Antalaha, kilo ya kai dalar Amurka 600, wato fiye da jika 300 na Sefa. Ɓarayi suka addabi gonaki. Don tsoro, manoma da yawa suka riƙa tsinke ƴaƴa tun ba su nuna ba, ƙamshi ya ragu. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Wannan shuka haƙuri take nema, amma haƙurin manomi ba ya amfani sai da tsaron gonarsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.