A Bar Mu Da Motarmu, A Gyara Mana Hanya

Ya ku 'yan'uwa talakawa, 'yan kasuwa da fatake, akwai wata magana da manya suka ishe mu da ita. Wai zamani ya ci gaba, wai tafiyar nesa cikin mota aikin jahilci ne, mai hankali jirgin sama yake hawa, in bai samu ba ya shiga jirgin ƙasa. To, mun ji. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da muke kwana bisa buhuna tsakanin Kano da Ikko, mota muka zaɓa, kuma yau za mu faɗi dalili.

Da fari, a tambayi masu wannan magana, ina jirgin yake zuwa? Turawa sun kawo layin dogo Kano a 1911, ba don su kai tsohuwa ganin jikokinta ba, sai don kwasar gyada da auduga da fatu zuwa bakin teku. Inda kayan suke nan suka bi: Kauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri sai 1964. Sakkwato, Birnin Kebbi da Yola ba a kai musu ba. Mai albasa a Aliero, wace tashar jirgi zai kai buhunansa? Ko gyadar ma da aka yi layin dominta, reluwe ya kasa kwashe ta a kan kari, sai aka riƙa jibge buhuna har suka zama dalar gyadar da ake ta yi mana alfahari da hotonta.

Jirgin sama kuwa, tun 1925 ya fara sauka Kano. Shekara 100 ke nan, amma ku duba rumfunan kasuwarku ku ƙidaya mutum nawa suka taɓa shiga cikinsa, in ka ɗebe masu zuwa aikin Hajji. A filin jirgi 'yar jakar tufafinka ma sai an ɗora ta bisa ma'auni, in ta ɗara kaɗan ka biya. Ina za ka sa kwandon tumatir? Ina za ka ɗaure akuya?

Mota fa? Gingimari takan shigo har cikin Dawanau a yi mata lodin gero da wake, ta shiga Potiskum ta ɗauki shanu, ta tsaya bakin Kantin Kwari ta ɗauki dilar atamfa. Kana iya yin ciniki da ɗan kamasho, in aljihu ya yi rauni direban da ya san ka ya ɗaga maka ƙafa sai ka sayar ka biya. Lokacin salla ya yi a tsaya a yi, a sha fura, a ci tsire, ka sauka a mararrabar ƙauyenku, ba sai an wuce da kai birni ba. Ka taɓa jin wanda ya roƙi matuƙin jirgi ya sauke shi a bakin kasuwar garinsu?

In ana son a san wa ke ciyar da ƙasar nan, a tuna ƙarshen Fabrairu 2021, sa'ad da fataken abinci da na dabbobi suka tsai da motocinsu ba su gangara kudu ba. Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa da nama suka yi tsadar da ba a saba gani ba a kasuwannin Ikko. Jiragen sama suna ta tashi a lokacin, amma ba wanda ya cika tukunyar kowa.

To, ina kuɗin jama'a yake tafiya? A 2016 aka buɗe sabon layin dogo daga Idu ta Abuja zuwa Rigasa ta Kaduna, kilomita 186, da bashin da aka ciwo daga ƙasar Sin. Bashin nan da mai hawa da wanda bai taɓa ganin taragon ba duk za su biya. Kamfanin jiragen sama na ƙasa, watau Nigeria Airways, ya rushe a 2003. A 2018 aka je Ingila aka yi shelar sabo mai suna Nigeria Air, a watan Mayu 2023 aka kawo jirgi ɗaya Abuja aka ɗauki hotuna, ashe na kamfanin ƙasar Habasha ne aka shafa wa fenti. Ko fasinja ɗaya bai ɗauka ba. Kaico!

Hanyarmu fa, wadda ta tashi daga Abuja ta bi Kaduna da Zariya ta isa Kano, kilomita 375? An ba da kwangilar gyaranta a ƙarshen 2017. Shekara 7 bayan haka, a 2024, sashen Abuja zuwa Kaduna bai ƙare ba, har gwamnati ta soke kwangilar. Cikin shekarun nan tayoyi nawa suka fashe, kwanduna nawa suka ruɓe cikin cunkoso, mutum nawa aka rufe?

Kada wani ya ce mana ba a iya ba. A watan Maris 2017 aka rufe filin jirgin Abuja mako 6 don gyara, aka karkata jirage zuwa Kaduna. Da manya suka ga ba makawa sai sun taka hanyar da muke bi, nan da nan aka cike ramuka, aka jera 'yan sanda da sojoji dare da rana. Ashe ana iyawa! Da aka buɗe musu filinsu suka koma sama, aka bar mu da ramukanmu da ɓarayin daji.

Za su ce ai hanya akwai hatsari, akwai masu satar mutane. Gaskiya ne, ba mu musa ba, domin mu ne muke binne gawawwakin. Amma gudun hanya bai tsirar da kowa ba. Ran 26 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kai hari filin jirgin saman Kaduna. Bayan kwana 2, ran 28 ga wata, suka dasa bam a layin dogo, suka tare jirgin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe mutane, suka kora fiye da 60 cikin daji. Na ƙarshensu, mutum 23, sai a watan Oktoba suka ga gida, jirgin kuma bai koma aiki ba sai Disamba. Dajin da aka bar wa ɓarayi don talaka ne ke ratsa shi, daga cikinsa suka fito suka kama masu tikiti. Wutar da ta ci ɗakin maƙwabci ba ta tsayawa a katanga.

Sa'an nan ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin mota ya tashi, kuɗin dakon kowane buhu ya tashi, mai saye a kwano ya biya. An ce rarar za ta koma ga ayyukan jama'a. To, wane aiki ya fi hanya kusa da jama'a?

Ba mu ƙi jirgi ba. A kawo taragon kaya har bakin kasuwa, da farashin da ɗan tireda zai iya, za mu yi maraba. Kafin nan ga abin da muke nema. A gama manyan hanyoyi tukuna kafin a sake cin bashin wani filin jirgi. A tsare su kamar yadda aka tsare su a 2017. A ɗebe shingayen da ba su da aiki sai karɓar na goro, domin kowace naira da direba ya miƙa ta taga, a kan mudun mai saye take faɗawa. A yi wa direbobi wuraren hutawa masu ruwa da tsaro a irin su Tafa da Mararrabar Jos.

Ku kuma direbobinmu da yaran mota, muna da magana da ku. Ku bar gudun ganganci, ku bar ɗora mutane bisa lodi kamar kaji, ku bar shan ƙwaya don korar barci. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Kada ku ba masu raina mu abin faɗa.

Jama'a, duk wanda ya zo rumfarku neman ƙuri'a, ku tambaye shi ta ina ya zo. In ya ce ta sama, ku ce ya koma ya biyo ta ƙasa, sa'an nan a zauna a yi magana. Allah ya kai matafiya gida lafiya, amin.