Ƙaramin Tsibiri, Babban Takunkumi

Akwai wata magana da masu mulkin ƙananan tsibirai suka daɗe suna fakewa da ita, wai ƙasarsu gida ɗaya ce, kowa ya san kowa, saboda haka ba a bukatar ɗan jarida mai tone-tone, wanda duk ya fitar da zancen gida waje kuwa ya ci amanar dangi. Maganar tana da daɗin ji, amma yaudara ce. Inda kowa ya san kowa, nan ne minista kan zama surukin alƙali, mai jarida kuma ba ya da mai ba shi talla sai gwamnati. A irin wannan wuri, rufe bakin mutum ɗaya ya isa ya sa ƙasa duka ta yi tsit.

A duba Nauru, tsibirin da ke cikin tekun Pasifik. Faɗinsa murabba'in kilomita 21 ne kacal, mutanensa wajen 12,000, wata unguwar Maradi ma ta fi su yawa. A 2012 Ostareliya ta sake buɗe sansani a can, inda take tsare masu neman mafakar da suka nufo ta a jiragen ruwa, tana kuma biyan gwamnatin tsibirin kuɗi masu kauri. Da ƴan jaridar waje suka matsa da tambaya, ba a bukaci kulki ko gidan kaso ba. A 2014 sai aka ɗaga kuɗin bizar ɗan jarida daga dalar Ostareliya 200 zuwa 8,000, kuma ko an hana mutum bizar, kuɗinsa sun tafi ke nan. A 2015 aka toshe Facebook, ba a buɗe ba sai 2018, shekarar da aka hana wakilan gidan rediyo da talabijin na ABC shiga taron shugabannin ƙasashen Pasifik. To, asirin wane gida ake rufewa? Waɗanda ke cikin sansanin nan ba ƴan gida ba ne, baƙi ne da aka kawo ajiya, kuma shirun da aka saya a kansu kuɗi ya shigo da shi, al'ada ba ta san da shi ba.

A Fiji an fi yin abin a fili. A 2009 gwamnatin soja ta zaunar da masu tace labarai a ofisoshin jaridu, har jaridar Fiji Times ta fito da filaye farare a gurbin labaran da aka cire. Dokar takura wa kafafen watsa labarai ta 2010 ta yi shekara 13 kafin majalisa ta soke ta a 2023, kuma ba a ji zumuntar mutanen Fiji ta watse ba.

Mai cewa wannan ciwon matalauta ne, sai ya waiwayi Malta, tsibiri mai wadata a cikin Tarayyar Turai. Daphne Caruana Galizia ta yi shekaru tana bin diddigin kuɗin manyan ƙasar, har da waɗanda sunayensu suka fito a takardun Panama. Ran 16 ga Oktoba 2017 bam ya tashi da motarta kusa da gidanta a Bidnija. Ta mutu da ƙararraki fiye da 40 na ɓata suna a kanta, wasunsu ma iyalinta suka gada, kamar yadda ake gadon bashi. Zanga-zanga ta sa firaminista Joseph Muscat ya sauka a farkon 2020. A 2021 kwamitin bincike na alƙalai uku ya ce dole hukumar ƙasa ta ɗauki alhakin mutuwarta, domin ita ta bari masu laifi suka saba da cewa babu abin da zai same su. A can ma kowa ya san kowa, masu dasa bam ɗin kuma sun san motarta, sun san hanyar da take bi.