Had-dis ɗaya ba ajiya ba ne, Malam

Kai mai gidan gem a Birnin Kebbi ko Argungu, da kai nake yau. Kai ma da ka ajiye PS2 a ɗaki, matso kusa.

Duk mun san abin da ya raba mu da faifai. Ƙurar hunturu ba ta raga wa idon na'ura, faifan PES kuwa yana wucewa ta hannun yara sai ka ga ya karce. Shi ya sa aka koma zuba wasanni a had-dis ko filash, a soka memori mai Free McBoot, a buɗe OPL, wasa ya tashi. Dabara ce mai kyau, ban musa ba, duk da cewa USB ɗin PS2 tsohon yayi ne, 1.1, shi ya sa bidiyon cikin wasa ke sarƙewa. Tsarin FAT32 kuma ba ya karɓar fayil da ya haura 4GB, sai an daddatsa shi da USBUtil.

Ga inda nake da ja da kai. Kana kiran had-dis ɗin nan "ajiya", alhali shi kaɗai gare ka, kuma shi ke aiki tun safe har dare a cikin zafi. Wani abokina a Argungu haka ya yi. Ana tsakiyar wasa wani yaro ya taka waya, had-dis ya faɗo yana juyawa. Sai ƙaf-ƙaf kawai yake yi. Faifan asali kuwa tuni ya rabar da su. Ya rufe shago, ya hau mota zuwa Birnin Kebbi neman mai loda masa, ya sake biya, kwastomomi kuma suka koma maƙwabta.

Masu PS4, kar ku yi dariya. Tun 2017 Sony ta amince a jona had-dis na waje, daga 250GB zuwa 8TB, amma wasan kawai yake ɗauka. Inda ka tsaya a Master League yana cikin na'urar, sai ka kwafe shi daban a filash.

Wasan da ba ka saya ba aka zuba maka a kasuwa, wannan kayan wani ne, kai ma ka sani. Naka na halal nake nufi: ka riƙe faifan a kwalinsa, ka sayi had-dis na biyu, ka kwafa, ka kai gida ka sa a durowa. Na shagon kuma ka ɗaure wayarsa a bayan tebur.