Famfon Sabon Gida Ya Lalace: Wa Zai Biya Gyara?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, gine-ginen bulo da siminti suka yawaita a Birnin Kebbi da Argungu, ruwa ya shiga ɗakuna ta bututun da aka binne cikin bango. Aibin rijiya da shadda ido yana ganinsa. Aibin bututu kuwa ba ya bayyana sai bango ya jiƙe, sa'an nan husuma ta tashi.

Mas'ala ta farko: wanda ya sayi gida ginanne. Malaman Malikiyya, a Muhtasar na Halil da sharhohinsa, sun kasa aibin gida uku. Ƙanƙane wanda ba ya rage daraja, babu komai a cikinsa. Matsakaici, ba a mayar da gida saboda shi, amma mai sayarwa zai biya gwargwadon abin da aibin ya rage. Babba kuwa, wanda ake tsoron rushewa dominsa, ko wanda ya yanke amfanin gida, kamar rijiya mai gishiri a inda rijiyoyi ke da daɗi, mai saye yana da zaɓin mayarwa. A bisa wannan ƙiyasi, yoyon bututu guda yana cikin matsakaici. In kuwa ruwa ya ci harsashi, ya shiga babba. Sharaɗi shi ne aibin ya riga ciniki, mai saye kuma bai san da shi ba. Cewar mai sayarwa "na sayar yadda ka gani" ba ta kuɓutar da shi, sai ya ambaci aibin da sunansa.

Ta biyu: wanda ya sa aka gina masa. In ɗan kwangila ne ya ɗauki kaya da aiki, gyara yana wuyansa. In mai gida ne ya sayo bututu mai araha, an gargaɗe shi ya ƙi ji, hasara tasa ce. Mai aikin famfo ba ya lamuni sai a kan sakacinsa, kamar haɗin da bai ɗaure ba.

In an yi jayayya kan ko aibin tsoho ne, alƙali zai aika masana sana'ar su duba. In ba su iya rarrabewa ba, magana ta mai sayarwa ce tare da rantsuwa. Saboda haka jinkiri yana cutar mai saye, domin kowane wata da ya wuce yana raunana hujjarsa.

A manyan kwangiloli akan riƙe wani abu daga kuɗin magini, galibi kashi 5 cikin 100, har wata 6 ko shekara guda. Ya kamata attajiran Kabi da Gwandu su ɗauki wannan: a rubuta sharaɗi gaban shaidu, a saki ruwa cikin bututu a gwada shi kafin a yi shafe. Allah ne mafi sani. Tamat.