Wayar Faiba: A Fara Kai Ta Sharaɗa, Challawa Da Bompai

A shekarar 2024 ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a kafa wani kamfani na musamman da zai shimfiɗa wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin Nijeriya, ƙari a kan kimanin kilomita 35,000 da aka ce akwai a ƙasa. Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, ya ce aikin zai ci kusan Dala biliyan 2, kuma zai ratsa ƙananan hukumomi 774. A watan Oktoban 2025 Bankin Duniya ya amince ya ba da bashin Dala miliyan 500 domin wannan aiki da suka sa wa suna BRIDGE. Tun daga nan ake ta kaɗa mana ganga a rediyo da talabijin, wai intanet mai gudun walƙiya ta kusa shigowa har cikin ɗakin kowa.

Domin ɗan uwan da bai san abin ba, ita dai faiba wani zare ne na gilashi, siriri kamar gashin kai, wanda ake binnewa a ƙasa. Haske ne yake bi ta cikinsa ɗauke da saƙo, shi ya sa zare ɗaya yake iya ɗaukar abin da dubban wayoyin tagulla na zamanin NITEL ba za su iya ba. Babu mai hankalin da zai musa amfaninta. Abin tambaya a nan shi ne: tunda da bashi za a yi aikin, kuma a wuyan al'umma gaba ɗaya za a rataya bashin, to, ina ya kamata a fara kai wayar, kuma wa zai ci moriyarta?

Ya kamata 'yan uwa su fahimci cewa aikin faiba hawa biyu ne. Akwai babbar waya mai haɗa gari da gari, wadda ita ce mafi yawan waɗancan kilomitoci da ake ambatawa. Sannan akwai ƙaramar waya da za a ja daga bakin titi zuwa cikin kowane gida, a haƙa kowane lungu, a sa wa kowane gida akwatinsa. Wannan hawa na biyu shi ne mai cin kuɗi, kuma kamfanonin 'yan kasuwa ne ake sa ran su yi shi. Ɗan kasuwa kuwa ba ya haƙa lungun da ya san ba za a iya biyansa duk wata ba.

Duk mai son ya san amsar tambayarmu, ya hau Adaidaita ya zagaya Bompai, ya gangara Sharaɗa, ya ƙarasa Challawa. Bompai tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka ware ta domin masana'antu, daga baya aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, aka zo aka ƙara Challawa. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980, in ka ɗauke Legas babu garin da ya kai Kano yawan masana'antu a ƙasar nan. Masaƙu, majemu, kamfanonin roba, na matsar man gyaɗa, na alewa, na sabulu, na kwanon samira, duk suna aiki dare da rana. Iyayenmu da yayyenmu da dama da albashin waɗannan wurare suka yi aure, suka gina gida, suka sa 'ya'yansu a makaranta. Yau fa? Manyan masaƙu irin su Gaskiya sun daɗe da yin shiru. Wasu gine-ginen sun koma ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su daga Sin, wasu kuma ciyawa ta cinye harabarsu.

Me ya kashe su? Tsarin SAP da gwamnatin Babangida ta ƙaƙaba wa ƙasa a 1986 bisa shawarar Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya ya karya darajar Naira, kayan gyaran injuna suka gagari masu kamfani. Fasa-ƙwaurin atamfa da yadi ya cika Kantin Kwari da kayan waje masu araha. Uwa uba kuma, rashin wutar lantarki ya mai da kowace masana'anta mai dogaro da janareto da baƙin mai da dizal. Ba mu taɓa jin kamfanin da ya sallami ma'aikatansa a Sharaɗa saboda rashin intanet ba.

Wannan cuta ta rashin wuta har yau ba ta warke ba. A shekarun 2024 da 2025 ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana ta fama ne da abin da bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba a mafi yawan ranaku. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin "Band A" daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kan kowane yunit, har sai da ƙungiyar masu masana'antu ta garzaya kotu. A watan Oktoban wannan shekarar ta 2024 kuma, Kano da mafi yawan jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Injuna suka tsaya, masu ƙanƙara da masu walda da teloli suka zauna, cajin waya ma ya zama abin bin layi. Tashar hasken rana da Shugaba Buhari ya buɗe a Challawa a watan Janairun 2023 megawat 10 ce kacal. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a 2020 da alkawarin zai farfaɗo da masana'antun Arewa, an yi ta ɗage ranar gama shi har 2025 ta shigo ba a kammala ba.

To, ita kanta faibar da me take aiki? Akwatin da za a maƙala maka a bango da wuta yake aiki. Kwamfuta da wuta take aiki. An ɗauke wuta, zaren gilashi ya zama igiya kawai a cikin ƙasa.

Mu dawo kan aljihun talaka. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne, kuma kowa ya san leburori masu yawa a waɗannan kamfanoni aikin kullum-kullum suke yi, ko wannan ba sa samu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci sun lashe albashin tun kafin tsakiyar wata. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Magidancin da ke haya a ɗaki ɗaya a Ja'en ko Fanshekara ko Dakata, wanda ke auna kwanon masara da kuɗin makarantar yara, ta ina zai ɗauki nauyin biyan faiba kowane wata? In aka bar abin yadda yake tafiya, gidajen Nasarawa GRA da sababbin rukunan gidajen masu hali ne za su samu, alhali bashin da ruwansa har da jikan lebura za a biya shi. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ba yau aka fara yi mana irin wannan alkawari ba. NITEL ta gwamnati ce, amma kafin zuwan wayar salula a 2001 layukanta masu aiki ba su kai rabin miliyan ba a duk ƙasar, daga ƙarshe aka yi gwanjonta. An harba tauraron ɗan adam NigComSat-1 a watan Mayun 2007, ya mutu a sama a watan Nuwamban 2008. An ciwo bashi daga Sin domin aikin kyamarorin tsaro na Dala miliyan 470 a Abuja, mutanen Abuja su za su faɗi abin da suka gani. Shirin intanet na ƙasa da aka ƙaddamar a 2020 zamanin Minista Isa Ali Pantami ya yi alkawarin kashi 70 cikin ɗari kafin ƙarshen 2025, aka ƙare a wajajen rabi. Ko Ostireliya mai arziki da wuta ba yankewa, da ta ɗauko aikin kai faiba gida-gida da kuɗin gwamnati a 2009, sai da sabuwar gwamnati ta sauya tsarin bayan 2013 saboda tsada da jinkiri, ta koma haɗawa da tsohuwar wayar tagulla.

Duk da haka, ba mu tare da masu cewa a watsar da aikin baki ɗaya. Waɗanda suka ga wahalar ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, lokacin da mutum zai tura kuɗi su maƙale kwana da kwanaki, sun san me raunin sadarwa yake jawowa. Ɗalibin da zai zauna jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ya sani. Majemin Challawa mai sayar da fata ga Italiya, da ɗan kasuwar Dawanau mai fitar da riɗi da zoɓo, da matashin Farm Centre mai gyaran waya, duk suna buƙatar layi mai ƙarfi. Kuma in aka haɗa turakun sabis da faiba, ko mai ƙaramar waya a ƙauye zai ga sauƙi ba tare da an haƙa ƙofar gidansa ba. Babbar wayar tana da amfani. Gardamarmu a kan abin da za a sa a gaba ne.

Saboda haka muke cewa, na farko, a Kano a fara kai wayar inda ake aiki: Sharaɗa, Challawa da Bompai, sannan manyan kasuwanni, asibitoci, makarantu da cibiyoyin jarrabawa, inda waya ɗaya za ta amfani dubban mutane. Na biyu, kada a binne faiba a wata unguwar masana'antu ba tare da an zo da tsayayyen shirin wutarta ba, na gas ne ko na rana ko na madatsun Tiga da Challawa. Na uku, a buga wa jama'a sharuɗɗan bashin, da sunayen 'yan kwangila, da taswirar inda wayar za ta bi a ƙananan hukumomi 44 na jihar nan, domin kowa ya iya zuwa ya duba da idonsa. Na huɗu, duk mai son a ja masa waya har cikin falonsa, ya biya da kuɗinsa. Kuɗin al'umma a kashe shi a kan abin da al'umma ta yi tarayya a cikinsa.

Ku kuma 'yan uwa matasa, kada ku zama 'yan kallo. Haɗa zaren faiba da gyaransa sana'a ce da ake koyo cikin 'yan watanni, kuma kilomita 90,000 za ta buƙaci hannaye masu yawa. In ba ku koya ba, za a kawo wasu daga nesa su yi, ku a bar ku da diga da shebur. Haka nan ku tsare unguwanninku daga ɓata-garin da ke yanke waya suna zaton tagulla ce, domin gilashi ne, ba ya da kasuwa a wajen 'yan jari-bola, asarar kawai ake jawo wa jama'a. In ɗan majalisa ko kansila ya zo neman ƙuri'a da zancen intanet kyauta, ku tambaye shi awa nawa Sharaɗa ta samu wuta a makon da ya wuce, kuma masana'anta nawa aka sake buɗewa a mazaɓarsa.

Allah Ya sa mu dace.