Dajin Kowa, Fakarar Wa?

Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai, buji kuma ya fara leƙowa. A lissafin Bahaushe wannan shi ne lokacin farauta. Duk mai zaune a Unguwar Gano ko Gyaɗi-Gyaɗi, in dai yana fita sallar asuba, ya san alamar: motocin a-kori-kura kan bi Titin Zariya cike da samari, da gorori, da barandami, da karnuka masu layu a wuya, gangi na tashi har su ɓace wajen Na'ibawa. Mafi yawanmu kan kawar da kai, wasu su ja tsaki. Ni kuwa ina ganin lokaci ya yi da za mu zauna mu yi maganar waɗannan mutane da dajin da suke nufa, domin al'amarin ya riga ya ci rayuka.

A ƙarshen watan Maris na 2025, cikin goman ƙarshe na Ramadan, aka tare wasu mafarauta a garin Uromi na Jihar Edo. Sun taso daga Jihar Ribas za su zo gida yin sallah. An ga bindigogin toka da karnuka a motarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Da yawansu 'yan Torankawa ne ta ƙaramar hukumar Bunkure. An yi ta'aziyya, Gwamnan Edo ya zo Kano, an yi alkawuran diyya da hukunci. Duk wannan ya dace. Amma akwai tambayar da hayaniya ta danne: me ya kai mafaraucin Bunkure dazukan Ribas, tafiyar da ta kusa kilomita 1,000, da kare da bindiga? Ruwa ba ya tsami banza. Da dajin gida na ciyar da shi, da wuya ya ƙetare Kwara da Binuwai neman nama.

Kafin mu zo kan dajin gida, bari mu leƙa wata ƙasa. A Amurka akwai tsuntsun da suke kira fezant, ɗan gida ɗaya da fakararmu a wajen masana, sai dai ya fi ta girma, namijin kuma yana da dogon bindi da farin zobe a wuya. Asalinsa na nahiyar Asiya ne. A 1881 wani jakadan Amurka a Shangai, Owen Denny, ya aika da shi Jihar Oregon, daga baya ya bazu. Jihar Dakota ta Kudu ta buɗe farautarsa karo na farko a 1919, a 1943 kuma ta ɗauke shi ya zama tsuntsun da ke wakiltarta. Yau farautarsa na cikin manyan abubuwan da ke kawo wa ƙauyukan jihar baƙi da kuɗi a kowace kaka.

Abin lura shi ne tsarin. Ana buɗe farauta ranar Asabar ta uku ta watan Oktoba, bayan tsaki sun girma sun iya tashi. Mutum ba ya fita sai da lasisi. Ba a yarda ya wuce zakaru 3 a rana ba. Macen kuwa haramun ce gare shi, domin zakara ɗaya ya ishi mata da yawa, mace ɗaya kuwa in ta faɗi ta tafi da ƙwan baɗi. Akwai filayen gwamnati da kowa ke da haƙƙin shiga, talaka da mai kuɗi, sannan jihar na biyan manoma wani abu domin su bar mafarauta su shiga gonakinsu a ƙafa. Karen ma an hore shi a kan aikinsa. Wani in ya ji ƙanshin tsuntsu sai ya daskare, ya miƙa hanci inda yake, ba zai motsa ba sai an ba shi izini. Wani aikinsa ya tayar da tsuntsu daga ciyawa. Wani kuma ya ɗauko wanda aka harbo ya kawo hannun maigidansa ba tare da ya tauna ba.

Kada mai karatu ya ɗauka hankali ne suka fi mu da shi tun asali. Wuya ce ta koya musu. Suna da wata tattabarar daji da garkenta kan rufe rana in ya taso, suka yi ta kashe ta ba ƙaidi har ta ƙare ƙaƙaf. Ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914. Bayan irin wannan asara ne, a 1937, majalisarsu ta yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin da ake karɓa kan bindigogi da harsasai, ana raba wa jihohi domin sayen daji da raya namunsa. Wato mafarauci da kansa ke biyan kuɗin tsuntsun da zai harba baɗi.

To, mu fa? Farauta a Kano ta girmi ganuwa. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe, daga zuriyar Dala, a matsayin gawurtaccen maharbi mai kashe giwa da sanda. Garuruwa da dama a ƙasar Hausa, in ka bi asalinsu, za a ce maka wani maharbi ne ya fara sare wurin. Sana'ar tana da sarautunta, Sarkin Baka da Sarkin Dawa, tana da kiɗanta da kirarinta, tana kuma da ƙa'idojinta. Ba a yin farautar gayya da damina, saboda shuka na gona kuma zabi na kan ƙwai. Akwai dokar wanda ya fara jifa da wanda karensa ya fara kamu. Akwai dajin da ba a shiga sai an nemi izinin masu shi.

Addini ma bai bar fagen haka ba. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, in an ambaci sunan Allah. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya yi bayanin sakin kare da sharuɗɗansa. Malamai sun ce horarren kare shi ne wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Tarauni har gobe, ta karhanta farauta don wasa kawai, ta halatta wadda ake yi don buƙata. Keɓe daji kuma, abin da fiƙihu ke kira hima, Manzon Allah (SAW) ya yi shi a Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya yi a Rabaza. Ke nan lokaci, da horon kare, da shugabanci, da keɓaɓɓen fili, duk muna da su tun kafin a kai fezant Oregon. Abin da ya faru shi ne sun sukurkuce ɗaya bayan ɗaya, ba mu maye gurbinsu da komai ba.

Na farko da ya tafi shi ne fili. Dattawan Tarauni da Darmanawa na iya nuna maka inda ake tayar da zomo da fakara suna yara. Yau bulo ne da kwalta. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Tarauni kaɗai ta haura mutum 200,000. A ƙauye ma gona ta haɗe da gona, an cinye burtali, an sare kurmi, an daina barin saura ta huta. Fakara kuwa a ƙasa take ƙwai, cikin ciyawa da gindin sabara da geza. Inda babu mafaka, ko ba a harbe ta ba za ta ƙare.

Na biyu wuta. Don a kama gafiya uku da zomo ɗaya sai a cinna wa daji wuta, ta cinye ciyawar makiyayi, da ƙananan itatuwa, wani lokaci har da amfanin da manomi bai kwashe ba. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, in ji Hausawa, amma tokar daji ba ta da kasuwa. Na uku ya fi muni: masu jiƙa hatsi da maganin ƙwari su watsa a bakin ruwa, tsuntsaye su ci su zube, a kwashe a kai kasuwa. Wannan ya fita daga babin farauta, ya shiga babin cutar da jama'a, domin gubar na ƙarewa ne a tukunyar wani. Na huɗu, kwasar ƙwan zabin daji da damina. Wanda ya kwashe sheƙa ɗaya ya kashe garke guda bai ɓata ko harsashi ba.

Na biyar shi ne rushewar shugabanci. Da nama ya yi ƙaranci, sai rigima kan zomo ɗaya ta zama gabar unguwa da unguwa, a fara a daji a ƙarasa a lungu. Ta wannan ƙofa daba ta raɓu da farauta, har ya zama mutumin birni in ya ji gangi sai ya rufe shago. Wannan bai yi wa dattawan sana'ar adalci ba. Ba mu manta ba, a 2014 maharban Adamawa na cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Mutumin da ya san daji kadara ce ga ƙasar da dazukanta suka zama maɓoyar ɓarayi.

Dokoki kuwa akwai su a takarda. Tsohuwar Jihar Arewa ta yi Dokar Namun Daji a 1963. Dokar Bindigogi ta 1959 ta ce ko bindigar toka sai da lasisi. Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna amana. Muna da dajin Falgore, kusan murabba'in kilomita 1,000 tsakanin Tudun Wada, Doguwa da Sumaila, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa. Ɓarayin shanu sun taɓa mayar da shi gida, a 2017 sojoji suka kafa filin atisaye a ciki, a 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta sa shi cikin dazuka 10 da za su koma gandun daji na ƙasa. Farauta a irin wannan wuri haramtacciya ce, kuma haka ya kamata. Sai dai hoton da ya fito shi ne: gefe guda dajin da ba a shiga, gefe guda gonakin da ba kome a cikinsu. Tsakaninsu babu wani fili da hukuma ta ce wa mafarauci, nan naka ne, daga wata kaza zuwa wata kaza, bisa sharaɗi kaza. Wanda ba shi da halastaccen wuri, ko ya saci hanya ya shiga Falgore, ko ya hau tirela ya nufi kudu.

Na san za a ce kwatancen bai yi ba, domin Ba'amurke nishaɗi ya fita nema, namu kuwa abin sawa a bakin salati. Gaskiya ne, kuma wannan ne ya sa maganar ta fi zama dole a gare mu. Mai nishaɗi in tsuntsu ya ƙare sai ya koma kallon ƙwallo. Mai iyali in daji ya mutu, sana'arsa ce ta mutu. Za a kuma ce lasisi a ƙasar nan sunan shinge ne na karɓar na goro. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa tsarin bai kamata ya fara daga ofis ba.

Ga abin da nake gani. A fara da rajista ta hannun Sarakunan Dawa da masu unguwanni, ƙarƙashin masarautu, kowane mafarauci ya sami katin shaida mai hoto wanda 'yan sanda suka amince da shi, ƙungiyar da za ta ƙetare jiha kuma ta riƙe takardar da za a sanar da hukumar can kafin ta isa. Kati ba ya hana zalunci, amma yana rage wa azzalumi hujja. Ma'aikatar Muhalli ta zauna da masana daga jami'o'inmu da tsofaffin maharba, waɗanda suka san watan da kowane tsuntsu ke ƙwai, su fitar da ranar buɗewa da ranar rufewa, a yi shelarta a rediyo da masallatan Juma'a. A ware wasu daga ƙananan gandayen dajin da ke ƙananan hukumomi su zama filin farauta na kowa, a riƙa hutar da su bi da bi, bana nan, baɗi can. A haramta wuta da guba da kwasar ƙwai, hukuncin farko kuma ya fito daga ƙungiyar kanta: a karɓe katin mai laifi. Kuɗin rajista ya zama kaɗan, a kuma rubuta a doka cewa rabinsa zai koma dashen itatuwa da biyan masu gadin dajin da aka karɓe shi dominsa. A haɗa da allurar rigakafin haukan kare kyauta ranar sabunta kati, domin karen da ya kwana a daji gobe yana lungu tare da yaranmu.

Ribar ba ta mafarauci kaɗai ba ce. Dajin da aka bar wa fakara zai ba makiyayi ciyawa, ya ba mai magani saiwa, ya ba mai zuma amya, ya kuma tare wa manomi zaizayar ƙasa. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.

A unguwarmu, yaron da ke son ganin barewa ko gada sai a biya masa kuɗin shiga Gidan Zu na Audu Bako, ya leƙa ta bayan waya. Kakansa kuwa a bayan gari ya san su. In muka ci gaba a haka, fakara da zabon daji ma can za su koma, kirarin maharba kuma ya zama abin da ɗalibai ke rubuta kundi a kansa. Majalisar Dokokin Jiha da masarautunmu suna da ikon hana haka, kuma ba sai an ciyo bashi ba. Mutum 16 na Uromi ba za su dawo ba, Allah Ya jiƙansu. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ƙannensu da 'ya'yansu su sami dajin da za su shiga da rana, da izini, kusa da gida.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.