Harshe Ya Fi Takardar Kwalba Gaskiya

In suna ko biki ya zo, sai ki ga uwargida ta kwashe kuɗin cefanen mako ta sayo lemon kwalba mafi tsada, wai don kada a raina ta. Shin tsada ita ce daɗi?

A shekarar 1976, a birnin Paris, an ba gwanayen ɗanɗano na Faransa giyar inabi, aka ɓoye musu kwalabe. Da aka bayyana sunaye, ashe ta Amurka suka zaɓa, ba tasu da suke taƙama da ita ba. Giya ba abin shanmu ba ce, amma dabarar ta ishe mu darasi.

Ki kira ƙawayenki uku ko huɗu. Ku sayo lemo iri 4, mai tsada da mai araha, ku sanyaya su daidai, don sanyi yana rage jin zaƙi. Yarinya ɗaya ta zuba a ɗaka, cikin kofuna iri ɗaya, ta sa wa kowane lamba. Ku sha nan da nan kafin iskarsa ta fice, kuna kurkure baki da ruwa a tsakani. Kowa ta rubuta zaɓinta ba shawara, don in Yaya ta yabi abu, ƙanwa ba ta musu. Sa'an nan a faɗi kuɗin kowanne.

In mai arahar ya ci, rarar ta shiga asusu. In mai tsadar ne, kin saya da hujja. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai mako mai zuwa.